Gaiwar Fadama da Dogon Kifin Teku

Bayani ga Hakimai da Dagatai da Malamansu na Ƙasashen Isa da Sabon Birni

An shirya wannan ɗan littafi domin a ba ku bayanin kifi iri biyu, ɗaya na gida, ɗaya na nesa. Na gidan ita ce gaiwa, wadda kowane yaron Tozai da ya taɓa bin masunta fadama ya san ta. Na nesan kuwa wani dogon kifi ne na cikin zurfin teku, wanda hotunansa suka bazu cikin wayoyin hannu, har waɗansu suna ce masa kifin tashin duniya, wai ba ya fitowa sai masifa ta kusa.

Dalilin da ya sa aka gama su wuri ɗaya shi ne, dukansu biyu akan gan su inda ba a zaci kifi ba. Gaiwa akan haƙo ta daga busasshiyar ƙasa da rani tsaka. Shi kuwa dogon kifin akan tsince shi yashe a bakin gaɓa, alhali mazauninsa yana can ƙasa inda hasken rana ba ya kaiwa sosai. To, duk sa'ad da mutane suka ga abu inda ba su saba ganinsa ba, sai zance ya yi yawa, mai ƙari ya ƙara, mai tsoro ya tsorata. Amma in an bincika, sai a tarar dalilin yana cikin halittar kifin da halin ruwan da yake zaune a ciki. Hakimin da ya san wannan zai iya kwantar da hankalin talakawansa, kuma zai san abin da ya kamata ya tsare a fadamun ƙasarsa.

RUWAN ƘASARMU

Kafin a yi zancen kifi, sai a fara da ruwa. Gulabe uku ne ke shayar da wannan yanki. Gagare da Bunsuru suna gangarowa daga kudu da gabas, daga ƙasashen Zamfara da Katsina. Gulbin Maraɗi kuwa ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa cikin Nijar, sa'an nan ya komo ta wajen Sabon Birni. Haɗuwarsu ita ce Gulbin Rima, wanda tsohon birnin Alkalawa yake bakinsa. Rima ya bi ta Goronyo, ya gamu da Gulbin Sakkwato, suka wuce Argungu da Birnin Kebbi, suka faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai ruwan teku. Daga Isa zuwa bakin teku, ko an miƙe sak kamar tsuntsu, ya fi kilomita 700.

Damina a nan gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. In gulbi ya cika ya yi ambaliya, sai ruwa ya malale fadama, kifi ya biyo shi domin ya yi ƙwai cikin ciyawa. In ruwa ya janye sai ya bar tafkuna da kududdufai, su kuma su yi ta ƙafewa ɗaya bayan ɗaya har bazara. Karfasa da ƙurungu da ragon ruwa, in ba su koma gulbi da wuri ba, sai su faɗa hannun masunta ko bakin tsuntsaye. Tarwaɗa tana iya jure laka, har takan ja jiki bisa danyar ciyawa da dare ta nemi wani ruwa. Gaiwa kuwa ba ta gudu. Inda rani ya same ta, nan take zama ta jira damina.

HALITTAR GAIWA

Gaiwa doguwa ce, mulmulalliya, mai santsi, launinta toka-toka da ɗigo-ɗigon baƙi. Babba takan kai ƙafa 3, watau kamu biyu, nauyinta kuma ya kai kilo 4. A maimakon faffaɗan fikafikai irin na sauran kifaye, tana da waɗansu siraran abubuwa huɗu kamar tsumagiya, biyu a gaba biyu a baya, da su take dafa ƙasan ruwa tana tafiya sannu-sannu. Haƙoranta ba tsinaye ba ne, faranta ne masu kaifin baki, sama da ƙasa, waɗanda ke murƙushe ƙoƙon dodon koɗi. Wanda ya taɓa sa mata yatsa ya san ƙarfinsu. Abincinta dodon koɗi, da ƙwarin ruwa, da kwaɗi, da ƙananan kifaye, har da iri da saiwoyin ciyawa.

Babban abin mamaki yana cikin cikinta. Sauran kifaye suna numfashi da jajayen tsokokin nan masu kama da matsefi da ke ƙarƙashin kumatunsu, waɗanda ke tace iskar da ta narke cikin ruwa. Gaiwa tana da su, amma ƙanana ne, ba su ishe ta ba. Saboda haka Allah ya yi mata huhu, kamar na dabbar tudu. Lokaci lokaci tilas ta taso ta buɗe baki ta haɗiyi iska ta koma. In ta shiga taru ko gura a ƙarƙashin ruwa ta kasa tasowa, sai ta mutu da rashin numfashi, kamar yadda akuya za ta mutu. Masunta sun san haka, gama sukan tarar da ita a mace cikin gura alhali sauran kifayen suna da rai.

Masana suna kiranta Protopterus annectens. Wani masani na Ingila, Richard Owen, shi ya rubuta bayaninta a 1839, daga wadda aka kai masa daga Kogin Gambiya. Masanan wancan zamani sun daɗe suna gardama, waɗansu suna cewa kifi ce, waɗansu suna cewa dangin kwaɗo ce, kafin a tsaya a kan cewa kifi ce mai huhu. Kifaye masu huhu iri shida ne kaɗai suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Amurka ta Kudu, ɗaya a Ostareliya.

YADDA TAKE CIN RANI

In ruwan tafki ya ja baya ya kusa ƙarewa, sai gaiwa ta kafa kai cikin laka, tana gatsa tana fitarwa ta gefen kumatunta, har ta yi rami. Zurfinsa ba ya da yawa, daga inci kaɗan zuwa kamar taƙi ɗaya. A ƙarshen ramin sai ta naɗe jikinta biyu, kai yana duban sama, wutsiya ta rufe fuska. Muddin da sauran ruwa a bisa, takan taso ta shaƙi iska ta koma. Da ruwan ya ƙare sarai, sai fatarta ta fid da yauƙi mai yawa, yauƙin ya bushe ya zama wata siririyar jaka kamar busasshen ganye, ta lulluɓe ta duka. Ƙofa ɗaya tak ke gare ta, daidai bakin gaiwar, ta nan iska ke shigowa daga ramin da ta biyo. Wannan ɗan ramin shi ne alamar da masu haƙa ke nema a bisa busasshiyar laka.

Daga nan sai jikinta ya rage aiki ƙwarai. Zuciya ta sassauta bugawa, numfashi ya yi nisa da juna, ba ci, ba sha, ba fitsari. Dattin jiki wanda kifi kan zubar cikin ruwa, ita sai ta juya shi ya zama wani iri marar dafi sosai, ta tara shi cikin jininta da namanta har ranar da ruwa zai zo ya wanke. Ɗan abin da take bukata na rayuwa kuwa daga tsokar jikinta take samunsa, tana narkewa kaɗan-kaɗan. Ashe maganar da mutanenmu kan yi, cewa gaiwa jikinta take ci, tana da tushe. Ba da baki take ci ba, amma lalle da jikinta take ciyar da kanta, shi ya sa wadda aka haƙo da bazara ta fi ta kaka rama.

A fadama takan yi wata bakwai ko takwas a haka. A ɗakunan bincike kuwa an ajiye irinta cikin busasshiyar laka fiye da shekara uku, da aka zuba ruwa ta farka. In ruwan farko ya sauka ya jiƙa ƙasa, sai jakar ta yi laushi, gaiwa ta motsa ta fito a rame, ta shiga neman abinci.

Wannan shi ne amsar tambayar da yara kan yi, har da manya: tafkin da ya bushe ƙayau har ya tsattsage, ina ya sami kifi kwana kaɗan bayan ruwan farko? Waɗansu sukan ce daga sama kifin ya zubo tare da ruwa. Gaiwa dai daga ƙasa ta fito, can ta kwana tun kaka. Tarwaɗa ta jawo jiki daga wani ruwa, sauran kuwa ambaliya ce ta kawo su. Haka nan in an ɗebi ƙasar fadama aka yi gini da ita, sa'an nan ruwan sama ya jiƙa ginin aka ga gaiwa, babu sihiri a ciki, da jakarta aka ɗebo ta.

HAIHUWARTA DA AMFANINTA

Da damina ta kama, namijin gaiwa yakan haƙa rami cikin ciyawar fadama inda ruwa bai yi zurfi ba. Mace ta zuba ƙwai a ciki, farare, kowane kamar ƙwayar dawa. Namijin ne ke gadi, yana kaɗa wutsiya domin ruwan ramin ya riƙa sabuntuwa, yana korar duk abin da ya matso. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe a wajen kwana 8, 'ya'yan kuma su bar ramin a wajen kwana 20. Wani masani daga Jami'ar Kambirij, John Samuel Budgett, shi ya duba waɗannan ramuka a Gambiya tsakanin 1899 da 1900, ya rubuta abin da ya gani. Abin lura a nan shi ne, in an kama namiji a bakin raminsa da farkon damina, ba gaiwa ɗaya aka kashe ba, an bar ƙwai masu ɗimbin yawa ba mai tsaro.

Amfaninta na fari nama ne, ɗanye ko banda, a lokacin da sauran kifi ya yi wuya. Na biyu kuwa ya shafi lafiya. Ciwon tsargiya, wanda ke sa yara fitsarin jini, tsutsarsa tana girma ne cikin ƙananan dodon koɗi na tafki kafin ta shiga fatar mai wanka. Gaiwa kuwa dodon koɗi na cikin abincin da ta fi so. A ƙasar Sudan an gwada ta domin wannan aiki, aka buga sakamakon a 1985, aka ga tana cinye su da yawa. Wannan bai ɗauke wa kowa shan magani ba, amma ya nuna tafkin da ke da gaiwa yana da mai taimako a ciki.

TEKU DA ZURFINSA

To, yanzu sai mu bar fadama mu nufi teku. A fadama wahalar kifi ita ce ƙarewar ruwa. A teku ruwa ba ya ƙarewa, wahalar can duhu ce, da sanyi, da nauyin ruwa, da ƙarancin abinci.

Ku auna da rijiya. Rijiyar da ta kai gaba 20 mukan ce ta yi zurfi. A teku, hasken rana yana da ƙarfi har zuwa wajen gaba 110, watau mita 200. Daga nan sai ya yi ta dushewa kamar bayan magariba, har a wajen gaba 550, watau mita 1,000, inda duhu ya rufe sarai. Ruwan can yana da sanyi ƙwarai ko a ƙasashen zafi. Kuma a mita 1,000 nauyin da ke danne jiki ya ninka na iskar da ke kanmu a tudu kamar sau ɗari. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, cikin wannan magariba da ba ta wayewa, nan ne mazaunin dogon kifin. Ana samunsa a tekunan duniya masu zafi da masu matsakaicin sanyi, ba ya shiga kogi ko tafki.

KIFIN FILAFILI

Sunan da Turawan Ingila suka ba shi ma'anarsa kifin filafili, saboda waɗansu dogayen jajayen tsinkaye biyu da ke ƙarƙashin ƙirjinsa, masu faɗi a ƙarshe kamar filafilin tuƙa jirgi. Da can an zaci da su yake tuƙa kansa, daga baya aka gane ba haka ba ne. Masuntan ƙasar Norwe kuwa sun ce masa sarkin waɗansu ƙananan kifaye da ke yawo garke-garke a tekunsu, saboda jan tukkun da ke kansa. Wani masani, Peter Ascanius, ya rubuta bayaninsa a 1772, ya sa masa suna Regalecus glesne, daga sunan wani ƙauyen masunta na Norwe. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi ƙwarai, wanda aka fi gani a wajen Japan da yammacin Amurka, duka sunansu ɗaya a bakin jama'a.

A cikin kifaye masu ƙashi, babu wanda ya kai shi tsawo. An auna wanda ya kai ƙafa 26, watau mita 8, fiye da gaba huɗu. Mafi nauyi da aka rubuta ya kai kilo 272. Amma jikinsa shafal ne kamar ɗamara ko fatalar saƙa, ba mulmulalle kamar gaiwa ba. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, fatarsa fara ce mai ƙyalli kamar azurfa, da zane-zanen baƙi, ƙyallin kuma yana gogewa a hannu. Idanunsa manya ne, domin su tattara ɗan hasken da ke akwai. Wani jan fiffike ya bi gadon bayansa tun daga goshi har wutsiya, da ƙayoyi masu laushi kimanin 400.

Wanda ya san kifin nan namu da ake kira ɗan sarki zai gane tafiyarsa nan da nan. Ɗan sarki yakan miƙe jikinsa sak, fiffiken bayansa kaɗai ke kaɗawa kamar tuta cikin iska, ya yi gaba ko baya yadda ya so. Haka kifin filafili yake yi, sai dai shi sau da yawa a tsaye yake, kai sama wutsiya ƙasa, kamar igiyar guga a rijiya. An tabbatar da haka da ido: tsakanin 2008 da 2011, na'urorin nutso masu ɗauke da kyamara na masu haƙar man fetur a tekun Meziko sun ɗauki hotonsa da rai sau biyar, wani a zurfin da ya wuce mita 400. Masana suna ganin tsayuwar tana taimakonsa hango inuwar abinci a samansa.

Duk da girmansa, ba shi da haƙora. Bakinsa ƙarami ne mai miƙewa gaba. Yakan zuƙi ruwa, waɗansu tsinkaye kamar rariya a maƙogwaronsa su tace ƙananan jatan lande da ba su wuce gaɓar yatsa ba, wani lokaci da 'yan ƙananan kifaye. Ba ya cizo, ba shi da dafi, bai taɓa zama haɗari ga mutum ba. Namansa ruwa-ruwa ne mai yauƙi, masunta ba su nemansa. Ba shi kuma da jakar iskar nan da yawancin kifaye ke da ita a ciki, wadda canjin zurfi kan kumbura ko ya matse.

Akwai wani hali nasa da ya tuna mana da gaiwa. Kayan cikinsa duka suna can gaba kusa da kai, saboda haka yana iya yar da wani yanki na wutsiyarsa ya rayu, kamar yadda ƙadangare ke yi. Yawancin manyan da aka samu wutsiyarsu a gutsure take, wurin ya warke. Amma tasa ba ta sake tsirowa, alhali ta gaiwa in ta gutsure takan tsiro. Ƙwansa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, suna yawo a saman teku har wajen mako uku kafin su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fara rayuwa a sama, in sun girma su gangara.

To, me ke kawo shi gaɓa? Jikin da aka yi domin ruwa mai natsuwa ba shi da ƙarfin tsoka. In ciwo ya kama shi, ko ya ji rauni, ko igiyar ruwa ta ɗauko shi zuwa sama, ba ya iya kokawa da raƙuman ruwa. Shi ya sa kusan duk wanda aka gani a gaɓa, ko matacce ne ko yana bakin mutuwa. Gaiwa ta fita ruwa ta rayu domin an halicce ta da huhu. Shi kuwa in ya bar zurfinsa, ajalinsa ne ya zo.

MAGANAR GIRGIZAR ƘASA

Tun zamanin da, ma'aikatan jiragen ruwa sukan ba da labarin macijin teku mai jan tukku, kuma ana zaton da yawa daga cikin labaran nan wannan kifi aka gani. A 1860 an tsinci mai ƙafa 16 a tsibirin Bamuda, aka yi ta cewa maciji ne. A Japan kuwa sunansa yana nufin manzon fadar sarkin teku, kuma tsofaffinsu sukan ce fitowarsa alamar girgizar ƙasa ce. Zancen ya ƙara ƙarfi bayan babbar girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta ran 11 ga Maris 2011, wadda ta hallaka mutum fiye da 15,000, domin an tuna an ga waɗansu irinsa a gaɓar ƙasar a 2009 da 2010.

Masanan Japan ba su tsaya ga ji-ta-ji-ta ba, sai suka ƙirga. Yoshiaki Orihara da abokan aikinsa suka tattara rahotanni 336 na fitowar kifayen zurfin teku, suka gwama su da manyan girgizar ƙasa 221. A sakamakon da suka buga a 2019, sau ɗaya kaɗai abin ya zo kusa da juna a wuri da lokaci. A Kalifoniya ta Amurka an tsinci wani mai ƙafa 12 ran 10 ga Agusta 2024, bayan kwana biyu aka yi 'yar girgiza a birnin Los Anjalis, zance ya sake tashi. Amma tun 1901 kimanin 20 kaɗai aka rubuta fitowarsu a wannan jiha, alhali ƙasar tana motsi a can sau da yawa kowace shekara. Inda ƙasa ta saba girgiza, kome ya faru, girgiza za ta biyo bayansa.

Hoto ma yakan yi ƙarya. Akwai wani sanannen hoto na sojojin Amurka a jere suna riƙe da dogon kifi, wanda aka yi shekaru ana sayarwa da rubutu cewa dodon Kogin Mekon ne da aka kama a ƙasar Lawos a 1973. Gaskiyar ita ce kifin filafili ne mai ƙafa 23, wanda sojojin ruwa suka tsinta a gaɓar Kalifoniya a 1996. Yadda aka canja wa wannan hoto gari, haka wani zai iya rubuta Goronyo ko Argungu a ƙarƙashinsa gobe. Malamanmu sun riga sun karantar da mu cewa sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai. Jama'ar ƙasar nan kuwa suna da isassun damuwoyi na gaske, bai kamata a ƙara musu da tsoron kifin da bai san hanyar Rima ba.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Kifin filafili ba ya bukatar kome daga gare mu, sai dai a faɗi gaskiya game da shi. Gaiwa kuwa tana hannunmu. Ambaliyar gulabe ta canja tun da aka gina madatsun ruwa, kamar na Zobe a ƙasar Katsina a 1983, da na Jibiya, da na Goronyo a 1984. Noman rani da injin ban ruwa ya yawaita, mutane sun ƙaru, fadama kuwa ba ta ƙaru ba. Saboda haka ana roƙonku da waɗannan abubuwa:

1. In wani ya kawo hoton dogon kifi yana cewa alamar masifa ce, ko an kama shi a gulbinmu, a karanta masa wannan bayani, a kuma roƙi limamai da masu unguwanni su kwantar da hankalin jama'a.

2. A hana zuba guba a ruwa, ko magimfa ce, ko Gamalin, ko wani maganin ƙwari na gona. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba, da nakiya, da lantarki. Guba ba ta zaɓe, tana kashe babba da ƙarami, tana kuma cutar mutum da dabbar da suka sha ruwan.

3. A hana su da gidan sauro. An raba shi domin tsare yara daga zazzaɓi, in an ja shi cikin tafki kuwa sai ya kwashe kifin baɗi tun yana tsaki.

4. A shawarci Sarkin Ruwa da manyan masunta a keɓe wani gefe na kowace babbar fadama inda ba za a haƙi gaiwa ba a shekarar, a riƙa juyawa. Tsarin ba baƙo ba ne. Haka Kabawa suke rufe Matan Fada a Argungu sai ranar su, shi ya sa ake samun manyan kifaye a bikin da aka fara tun 1934.

5. A ja kunnen manoma cewa garmar tarakta tana kaiwa zurfin da gaiwa ke kwance. A bar tsakiyar tafki, inda ruwa ke ƙarewa daga ƙarshe, ba a kafta ba, kada kuma a sa wa busasshiyar ciyawarsa wuta.

6. Da farkon damina a bar namijin gaiwa a bakin raminsa har 'ya'ya su watse.

7. In an kama kifin da tsofaffin masunta ba su sani ba, ko aka ga kifi yana mutuwa da yawa a ruwa ɗaya, malamin hakimi ya rubuta rana da wata, da sunan ruwan, da tsawon kifin da launinsa, a ɗauki hoto da sanda a gefensa domin a gane girmansa. A aika wa ma'aikacin kifi na ƙaramar hukuma, shi zai iya kai maganar ga masana na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa.

Ana so malamai su karanta wannan ɗan littafi a zauren hakimi ranar da dagatai suka taru, su kuma dagatai su kai shi ga masunta da manoman fadama kafin ruwa ya janye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin iyayen ƙasa, amin.